Kafin Mu Ce Masa Daƙiƙi: Yadda Za A Taimaki Yaro Mai Nauyin Karatu Ya Koyi Turanci

Laccar da aka gabatar a gaban malamai da iyayen yara a garin Indabo, ƙaramar hukumar Wudil, jihar Kano

 

   

An ba ni magana a kan yadda za a taimaki yaran da karatu ke yi wa nauyi su koyi Turanci. Ina nufin yaron nan da kowane malami a ɗakin nan ya san irinsa. Lafiyarsa lau, bakinsa a buɗe yake. In ka aike shi kasuwar Wudil ran Juma'a zai dawo maka da canjinka daidai. Amma ka ajiye masa littafi a gaba, sai ya daskare. Shekararsa huɗu yana zuwa makaranta, har yau bai iya haɗa baƙi ba. Mukan ce kansa ba ya ja. In ranmu ya ɓaci mu ce daƙiƙi ne. Wasu iyayen su ce sammu ne, a shiga neman magani.

Abu guda nake so ku tafi da shi: hanyar irin wannan yaro zuwa Turanci ta cikin Hausa ta bi, kuma da kunne take farawa kafin ido. Zan kasa maganar gida shida.

Na farko: wane ne wannan yaro?

A 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya buga labarin wani yaro ɗan shekara 14 a mujallar likitocin Birtaniya. Yaron yana da wayo, lissafi bai gagare shi ba, ba ya baya cikin tsaransa. Amma duk da yana hannun malamai tun yana ɗan shekara bakwai, ko sunansa ya zo rubutawa sai ya sauya wa haruffan wuri. Malaminsa ya shaida wa likitan cewa da da baki kaɗai ake karatu, da babu mai kamo shi a makarantar. Sunan da duniya ke kiran wannan larura da shi, disleksiya, ya fito ne daga wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, a 1887. Ku lura, yaron nan Bature ne, Turanci ya sha a nono. Ashe ba larurar Bahaushe ba ce, ba ta ɗan ƙauye ba ce.

Likitocin farko sun zaci a ɓangaren gani matsalar take. Binciken da ya biyo baya ya nuna a sauti take. Don yaro ya iya karatu, sai ƙwaƙwalwarsa ta iya ɓantare kalma gunduwa-gunduwa, ta ɗaura kowane sauti a jikin harafinsa. Ku gwada da yaro ɗan aji biyu, ba littafi ba allo. Ku ce masa: ka ce “kaza”. To, cire “ka”, me ya rage? Yawancin yara za su ce “za” nan take. Mai wannan larura zai tsaya yana kallon ka, ko ya ce maka “ƙwai”. Ma'anar kalmar ya kama, sautinta ne ke kuɓuce masa.

Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne yara 5 zuwa 10 cikin kowane 100. Ke nan in ajinka yara 80 ne, ka sa ran akwai huɗu zuwa takwas. Larurar tana bin jini, shi ya sa za ka ji uba ya ce shi ma haka boko ta gagare shi. Ba ta da alaƙa da ƙarancin hankali, ba kuma allura ko jiƙo ke warkar da ita ba. Koyarwa ce maganinta. Tana da 'yan'uwa: akwai yaron da lissafi ne ke yi masa nauyi, akwai wanda hannunsa ne ba ya bin umarni wajen rubutu, akwai wanda natsuwa ce ba ta zauna masa. Sau da yawa biyu sukan haɗu a yaro ɗaya.

Kada a manta da 'yan mata. A 1990 Sally Shaywitz ta Jami'ar Yale da abokan aikinta sun gano cewa makarantu sun fi gane yara maza masu wannan larura nesa ba kusa ba, alhali da aka gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, tazarar ba ta kai haka ba. Namiji in karatu ya gagare shi yakan tada ƙiriniya, a lura da shi. Yarinya sai ta ja hijabi ta rufe baki a bayan aji. Wa ke tambayar ta? Ran nan sai ka ji an ce ba ta gane komai, gara ta ɗauki talla.

Na biyu: ba duk wanda bai iya karatu ba ne mai larura

Kada a bar nan a je ana liƙa wa kowane yaro sabon suna. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Duk waɗannan masu larura ne? Ina! Mafi yawansu ba a koya musu ba ne. Manomi in shukarsa ba ta fito ba, ba ya farawa da zagin iri. Sai ya duba ruwa, ya duba ƙasa, ya duba ko ɓera ne ya tone. Mu ma akwai abin da za mu duba.

A duba rajista. Yaron da damina ta ɗauke shi gona, kaka ta ɗauke shi girbi, ran kasuwa yana bin kaya, kwana nawa ya zauna a aji? A duba kunne. Ciwon kunne mai zubar da ruwa, da ƙyanda, da sanƙarau, duk suna rage ji, kuma mutanen Kano ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Yaron da ba ya jin ƙarshen kalma, yaya zai raba “cat” da “cap”? Ka tsaya a bayansa ka yi masa raɗa, ka ga ko zai maimaita. A duba ido: yana matse ido in ya kalli allo? Yana manna fuska a littafi? A tambayi uwa tarihinsa: ya taɓa zazzaɓi mai suma? Yana da sikila? Yana farfaɗiya? Ya karya kumallo kafin ya fito? Waɗannan aikin asibiti ne da na tukunya, ba na alli ba.

Sai a duba harshe, kuma nan ne malamai suka fi ruɗewa. Yaron da ya ce “fan” alhali “pan” aka rubuta, ko ya ce “beri” a maimakon “very”, ko “zis” a maimakon “this”, lafiyarsa ƙalau. Bakin Hausa ne. Hausa ba ta raba p da f, ba ta da v, ba ta kuma fara kalma da baƙaƙe biyu a jere sai ta cusa wasali a tsakani. Shi ya sa kakanninmu suka ji Bature suka ce burodi, suka ce direba, suka ce fensir. Na ga wasu suna dariya. Mu ɗin ma da ke riƙe da alli, ai mun san inda harshenmu ke zamewa. Haka kuma 'ya'yan Fulanin rugagen da ke kewaye da mu, wasunsu da Fulatanci suka tashi. Hausa ce harshensu na biyu, Turanci na uku, Larabcin makarantar allo na huɗu.

To ta yaya za a gane mai larurar? Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma da harshen da yaro ya iya za a gwada. In yaro yana karanta Hausa sumul, Turanci kaɗai ke ba shi wuya, wannan Turanci ne bai ishe shi ba. Amma in an zauna an koya masa “ba, be, bi, bo, bu” sosai, wata da watanni, tsaransa sun wuce shi yana nan, yau ya iya gobe ya manta, yana kallon harafin farko ya cinki sauran, kuma in ka tambayi malaminsa na allo ya ce maka can ma ya daɗe a babbaƙu, to wannan ne yaron da muke magana a kai. Allah ya gafarta malamai, shaidarku a nan ta fi ta kowa, domin kun riga mu ganin yaron.

Na uku: me ya sa Turanci ya fi cutar da shi?

Rubutun Turanci ba ya cika alkawari. Haruffa 26 ne, sautuka kusan 44. Harafin a ɗaya ne, amma ku saurari “cat”, “cake”, “call”, “car”: sauti huɗu. Ku dubi “though”, “through”, “tough”, “cough”: ƙarshensu iri ɗaya a ido, kowace da inda ta nufa a baki. A “knife” akwai k da ba a furtawa. Yaro mai lafiya ma sai ya yi gumi, ina ga wanda dama sauti ke kuɓuce masa?

Wannan ba ƙorafin Bahaushe ba ne. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa sun kwatanta yara masu koyon karatu a harsunan Turai 13. Bayan shekara guda a makaranta, yaran Finlan da Girka da Italiya da Jamus suna karanta sama da kashi 90 cikin 100 na sauƙaƙan kalmomi daidai. Yaran Sukotland masu karatu da Turanci, harshensu na gado, kashi ɗaya cikin uku kawai suke samu. Kafin nan, a 2001, wani bincike da Eraldo Paulesu ya jagoranta ya duba masu disleksiya a Italiya da Faransa da Ingila. Alamar larurar a ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu, don rubutun harshensu yadda aka rubuta haka ake faɗa.

Rubutun bokon Hausa dangin na Italiya ne ta wannan fuska. K kullum k ce, a kullum a ce. Yana da nasa aibin, don ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa garin Indabo da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Amma wannan ƙaramin abu ne in aka gwada da na Turanci. A Hausa ne yaron nan zai fara gane sirrin cewa harafi sauti ne, kuma in ka jera sautuka kalma za ta fito. Sau ɗaya ake koyon wannan a rayuwa. Wanda ya koya a Hausa ba sai ya sake ba, ɗauka zai yi ya shiga Turanci da shi, tunda yawancin baƙaƙen, irin su b, d, k, l, m, n, s, t, kusan aiki ɗaya suke yi a harsunan biyu.

An gwada haka a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a ƙananan azuzuwa. A 2022, zamanin Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu, aka ce a kai har aji shida. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka koma Turanci. Ba ni ke yanke doka ba, amma zan faɗi ra'ayina: ga yaro mai nauyin karatu, a ce ya koyi haɗa baƙi a harshen da ba ya ji, an ɗora masa abin da ba zai iya ba. Darasin Hausa yana nan a jadawali. Kada hedimastoci su mai da shi lokacin share fili.

A kuma yi haƙuri da lokaci. Wani masani, Jim Cummins, ya nuna a Kanada cewa yaron baƙi yakan kama Turancin hira cikin kamar shekara biyu, amma Turancin littafi yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Wannan fa a ƙasar da ko'ina Turanci ake yi. Namu yaron a ina yake jin Turanci in an tashi daga makaranta?

Na huɗu: abin da aka taɓa yi a nan Wudil

A 2019 aka fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomi biyu na jihar nan, Wudil da Dawakin Tofa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da Ma'aikatar Ilimi da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi suka yi shi tare da British Council da TaRL Africa, da tallafin gwamnatin Birtaniya, don yaran aji huɗu zuwa shida. Na san a cikinku akwai waɗanda aka horar. Asalin dabarar daga ƙungiyar Pratham ta Indiya take. Ana zaunar da yaro shi kaɗai a gwada shi da baki: ya san harafi? Yana karanta kalma? Sakin layi? Labari? Sai a raba yara bisa matakin da suke, ba bisa ajin da rajista ta ce ba. A ɓangaren Turanci kuma shirin ya yi amfani da harsuna biyu, ana jingina da Hausa don yaro ya ji Turanci ya kuma faɗa. Da korona ta rufe makarantu a 2020, aka mai da darussan rediyo da takardun aikin gida.

Ba don masu larura aka tsara KaLMA ba, amma ta bar mana abin tacewa. In ka raba yara bisa mataki ka koyar da su zango guda da gaske, yawanci za su haura. 'Yan kaɗan ɗin da suka maƙale a matakin harafi, su ne namu. Takardar gwajin nan ba ta lalace ba. Ina take? A ciro ta daga durowa.

Na biyar: me malami zai yi ran Litinin?

A nan zan daɗe. Wani likita Ba'amurke, Samuel Orton, da wata malama, Anna Gillingham, sun tsara hanyar koyar da irin waɗannan yara tun wajejen 1930, kuma har yau a kanta ake gini. Ginshiƙanta: yaro ya ga harafi, ya ji sautinsa, ya faɗa da bakinsa, ya zana da hannunsa, duk a lokaci guda. A bi tsari daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kada a ƙara sabo sai na baya ya zauna. A yi ta maimaici.

Iyayena, ba ku ji kamar kun san wannan ba? A makarantar allo kowane yaro da allonsa, da inda ya tsaya. Malam yana biya masa, shi yana bi da yatsa yana faɗa da ƙarfi. Sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru. Haruffan ma an raɗa musu sunayen da ke nuna siffarsu, irin su ambaki da hakuri da mim-jaye, don su zauna a ka. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya iya na jiya, ba a wanke allo sai an biya. Mu malaman boko mun bar wannan a ƙofar gida, muna tsayawa gaban yara 80 muna gudu da manhaja, wanda ya faɗi ya faɗi.

Amma akwai abu biyu da ba za mu ɗauko ba. Ɗaya bulala, zan dawo kanta. Ɗaya kuma dogaro da hadda. Yaron nan kunnensa yakan yi kaifi wajen hadda. Zai haddace shafin littafin Turanci gaba ɗaya daga amshin 'yan aji, ya rera maka tsaf, ka ba shi maki. Ka nuna masa kalma guda a tsakiyar layi, sai shiru. Da haka yara ke kai aji shida ba a gano su ba.

Ga yadda nake ganin a bi. A fara da Turancin baka, babu rubutu. Ka ce “stand up” ka miƙe, su miƙe. Ka ɗaga kofi, ka ɗaga tsintsiya, ka kira sunansu, yaro ya taɓa ya faɗa. In bai gane ba ka faɗa masa da Hausa, ba zunubi ba ne. Kada yaro ya gamu da kalma a takarda sai ya riga ya san ta a kunne, ya san abin da take nufi. In ba haka ba, ko ya haɗa baƙin daidai bai san ko ya dace ba.

In aka zo haruffa, a fara da waɗanda Hausa ta riga ta ba shi, a gina gajerun kalmomi masu bin ƙa'ida: “sit”, “man”, “bag”, “ten”. Masu amfani da Jolly Phonics, ku lura rukuninsa na farko s, a, t, i, p, n ne. An tsara shi ne don yaran Ingila, kuma p ɗin nan baƙo ne a bakin ɗan Indabo. Ku tsaya a kansa. Yaro ya riƙe 'yar takarda gaban bakinsa, ya rufe leɓɓa biyu ya sake su da ƙarfi, takarda ta motsa: p ke nan. Ya ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa ya hura: f ke nan. Guntun madubi ya isa ya nuna masa bambancin.

Sai rikicin b da d. Ɗan Bature biyu yake fama da su, ko huɗu in an haɗa da p da q. Namu an ƙara masa ɓ da ɗ, ga shi da asuba yana rubutu daga dama zuwa hagu, da hantsi daga hagu zuwa dama. Kada a koyar da b da d a mako guda. A zaunar da ɗaya sosai tukuna. Yaro ya zana shi da yatsa a yashi yana faɗin sautinsa, ya mulmula shi da yumɓu, ya zana a bayan abokinsa abokin ya canka. Yashi da yumɓu dai ba sai an yi kasafin kuɗi ba.

Kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin su “the”, “said”, “was”, “one”, ka gaya wa yaro gaskiya cewa waɗannan 'yan tawaye ne, laifin rubutun ne ba nasa ba. A ba shi biyu ko uku a mako a kan kati, ya dinga juyawa.

Na san tambayar da ke bakinku: yara sun cika aji har taga, ina lokaci? Ba na ce ka bar 75 don biyar ba. Minti 15 zuwa 20 kullum, su biyar ɗin a gindin bishiya, ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Ka zaunar da su a gaba. Ka haɗa kowanne da yaro mai haƙuri da ya iya. Ka rage musu kwafe daga allo, domin yaron da ke ɗauko harafi ɗaya-ɗaya, kafin ya gama layi biyu an goge. In ana shifta ka ba shi kalma biyar a maimakon ashirin. In kana son sanin ko ya gane darasin kimiyya ko na addini, tambaye shi da baki. Kada jan biro ya cinye masa shafi, ka gyara kuskure biyu ka bar sauran sai gobe.

Kada kuma ka tashe shi ba shiri ya yi karatu gaban aji ana yi masa dariya. In kana so ya karanta, ka ba shi layinsa tun jiya.

Batun bulala. Na san yawancinmu da ita aka rene mu. Amma ku gaya mini, wane harafi bulala ta taɓa koya wa yaro? Wanda ya ƙi yi daban, wanda ya kasa daban. Tsoro yana toshe ɗan abin da ya rage masa na tunani, kuma abin da zai koya shi ne ƙin Turanci da ƙin makaranta. Sa masa waƙar tsokana don ya ci sifili, da cin tarar mai yin Hausa a aji, duk tafiyarsu ɗaya. Ku daina.

Na shida: rabon iyaye da hukuma

Baba, Inna, ko ba ku yi boko ba kuna da aiki. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da salon maganar nan mai karya harshe, duk horon kunne ne, irin wanda yaron nan yake buƙata. Ku sa shi ya karanta muku Hausa ko layi biyu ne bayan magariba. In akwai waya a gidan, malam ya naɗa masa darasin da murya ya dinga saurare. Ku daina gwada shi da ƙaninsa a gabansa. Addu'a kuwa a yi, amma a haɗa da kai shi a duba kunne da ido a babban asibitin Wudil, in an tura ku Kano ku je. In yana da hannu a ɗinki ko gyaran babur ko kiwo, a ƙarfafa masa, ba tare da an cire shi daga makaranta ba.

Wasu za su ce a kai shi Tudun Maliki. Waccan makaranta ta kurame ce da makafi, tana kuma aikinta. Yaro mai nauyin karatu wurinsa ajinsu, cikin tsaransa. Haka sanarwar Salamanca ta 1994 kan ilimin masu buƙata ta musamman ta nema. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ba ta ce ban da wanda kansa ba ya ja ba. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Takardu sun isa, saura aiki.

Ga jami'o'i a ƙofar gidanmu: Jami'ar Aliko Dangote da makarantar horar da manyan 'yan sanda, duk a Wudil. Babu mai shiga ba da kiredit a Turanci ba. Yaron da muka bari a aji biyu, tun ran nan muka rufe masa ƙofar, ba ran jarrabawar NECO ba.

Roƙona uku ne. Kowace makaranta a mazaɓar Indabo ta gwada yaranta ɗaya bayan ɗaya da Hausa a farkon zango mai zuwa, ta rubuta sunayen waɗanda suka maƙale. Ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya nemi Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero ya horar da aƙalla malami guda a kowace makaranta. Sannan malamin boko da malamin allo su zauna a kan yaro ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani.

  Mai tambaya ko gyara, fili nasa ne. Ina so a fara da iyayenmu mata da malaman ƙananan azuzuwa, don su ne ke tare da yaran nan kullum.